Kafin ka sa hannu: yadda matuƙin jirgi zai auna kamfanin da zai yi wa aiki

Da kakar bana na je gida, ƙauyenmu da ke gefen Ringim, ana tsakiyar sussukar gero. Bayan isha'i ɗan wana ya same ni a zaure da takarda cikin leda. Shekara uku ke nan da ya gama makarantar tuƙin jirgi. Yana da lasisin tuƙi na kasuwanci da awa ɗari biyu da 'yan kai a littafinsa, kuma kafin ya kai nan sai da mahaifinsa ya sayar da gonar fadama da shanun huɗa. Wani kamfani ya ba shi takardar ɗaukar aiki, wani kuma ya ce ya zo ganawa wata mai kamawa. Ya ce, "Baffa, in sa hannu ko? Albashin da kyau."

Na ce ya mayar da takardar cikin ledarta tukuna. Na yi shekara ashirin da ɗoriya a gaban jirgi, na yi wa kamfani huɗu aiki, biyu a cikinsu yau babu su. Dukiyar matuƙi biyu ce: lasisinsa da littafin awoyinsa. Kamfanin kirki shi ne wanda zai ƙara maka awoyi, ya bar maka lasisinka da tsabta, ya biya ka haƙƙinka a kan kari. Adadin da aka rubuta a takarda sai an gama duba waɗannan ake waiwayarsa. Na san ba gidanmu kaɗai ke da wannan tambayar ba. Tun 2013 da gwamnatin Kano ta tura matasa ɗari Jodan koyon tuƙi, ga masu fitowa daga kwalejin Zariya da ta Ilorin, gidajen da ke da matuƙi mai jiran aiki sun yi yawa, shi ya sa na rubuta abin da muka tattauna a daren.

Mataki na farko: ƙirga jiragen da ke tashi

Wanda ya je sayen sa a kasuwar Maigatari ba ya tsayawa kallon ƙaho. Bakinsa yake buɗewa ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Haƙoran kamfanin jirgi su ne jiragensa masu tashi.

Fara da takardar izinin jigila, wadda ake kira AOC. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke bayar da ita, ita ke sabunta ta, ita kuma ke dakatar da ita. Kamfanin da ya ce maka "muna gab da karɓa" bai zama kamfanin jirgi ba tukuna, domin neman takardar matakai biyar ne, kuma ana iya cinye shekara ba a gama ba. Kada ka ajiye abin da ke hannunka saboda shi.

In takardar na nan, sai ka sauke manhajar Flightradar24 a wayarka. Ko a ƙauye, muddin akwai sabis, za ta yi. Kowane jirgi yana da lambarsa, na Najeriya suna farawa da 5N. Ɗauki littafi ka yi sati biyu kana rubuta jiragen kamfanin da suka tashi kowace rana. Sau da yawa za ka ji an ce muna da jirgi takwas, ka ƙirga ka sami uku a sama. Sauran wani ya tafi babban gyara a waje an rasa dalar dawo da shi, wani yana gefen fili an cire masa inji an sa wa ɗan'uwansa.

Ka lura da masu lambar wata ƙasa, domin alamar haya ce. Hayar jirgi iri biyu ce. Akwai wadda ake kawo jirgi zalla, kamfani ya sa nasa matuƙa. Akwai wadda jirgin ke zuwa da matuƙansa da injiniyoyinsa da inshorarsa. Wannan ta biyun, ko da an shafa mata fentin kamfani, babu kujerarka a ciki. Cire su daga lissafi.

Sannan ka tambayi mataimakan matuƙi nawa ne a kan irin jirgin da za a sa ka, kuma awa nawa kowannensu ke yi a wata. Ga dalili. Babban lasisi, ATPL, yana buƙatar awa 1,500. Kai mai awa 200, saura 1,300. In kana samun awa 70 a wata, ba za ka cika shekara biyu ba ka kai. In awa 20 ce, sai ka haura shekara biyar. Wannan tazarar ta fi duk wani bambancin albashi da za a nuna maka. Kamfanin da ƙarfinsa jigilar alhazai ce kuma, ka tambayi abin da matuƙansa ke yi bayan an gama kwaso alhazai daga Jidda, domin aikin hajji na 'yan watanni ne, shekara kuwa wata goma sha biyu ce.

Na biyu: daga ina kuɗin ke fitowa

Mu da muka girma muna jin Kabo Air da IRS a Kano, da Chanchangi a Kaduna, ba ma buƙatar a gaya mana kamfanin jirgi yana mutuwa. Nigeria Airways, na gwamnati sukutum, ya tsaya a 2003, ma'aikatansa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Air Nigeria ya rufe a 2012. Arik, wanda ya taɓa zama mafi girma a ƙasar, hukumar AMCON mai karɓo basussukan bankuna ta karɓe shi a 2017 saboda bashi.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Tikiti da naira ake sayarwa, amma hayar jirgi, kayan gyara, inshora da horon matuƙa duk da dala ake biya. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Ga man jirgi, wanda ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin shiga. Saboda haka ka bincika: mai kamfanin yana da wata sana'ar da ke tallafe shi, ko jirgin ne ke ciyar da sauran harkokinsa? Jiragen mallakarsa ne ko haya? An taɓa rufe musu kanta a filin jirgi saboda bashi? Me suka yi wa matuƙansu a 2020, lokacin da korona ta tsayar da zirga-zirga daga ƙarshen Maris zuwa Yuli? Wasu sun rage albashi sun riƙe mutanensu, wasu sun sallama. Halin da kamfani ya nuna a wancan lokacin shi zai sake nunawa in wata ta taso.

Na uku: warware albashin

Albashin matuƙi ƙunshi ne. Akwai tsayayye, akwai kuɗin awa ko na kowace tashi, akwai alawus na kwana a waje. Ka sa a rubuta maka kowanne daban. Tsayayyen shi ne naka. Sauran sun dogara ga tashi, kuma in hazo ya rufe Kano a watan Janairu ko jirginka ya shiga rumfar gyara, da shi kaɗai za ka koma gida.

Tambayar da ta fi "nawa ne" ita ce "ran nawa ga wata ake biya". Na taɓa yin wata biyar ba albashi a wani kamfani, ina tashi kullum, sanye da farar riga da igiyoyi a kafaɗa, a gida kuma ana auno mana masara bashi. Kowa a garinmu yana ganin kyaftin ne, ba wanda zai yarda. Ba na so wani yaro ya ɗanɗani wannan. Ka tambayi fansho: dokar 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, kuma abin dubawa shi ne ko ana tura kuɗin asusunka ko cirewa kawai ake yi. Ka tambayi inshorar lafiya ta iyali. Ka tambayi inshorar rasa lasisi, wadda matasa ba sa tunawa da ita. Duk shekara likita zai gwada ka, kuma hawan jini ko ciwon suga ko matsalar ido na iya zaunar da kai kana ɗan shekara arba'in.

Na huɗu: ɗaurin horo

Nan ne na fi so iyaye su saurara, domin nan ne abin ke shigowa har cikin gida.

Lasisin makaranta ba ya ba ka damar tuƙa Boeing 737 ko Embraer ko ATR. Kowane samfuri yana da horonsa da shaidarsa da ake bugawa a lasisi, kuma kuɗinsa dubban daloli ne masu yawa. Hanyoyin biya uku ne. Ko ka biya da kanka, ko kamfani ya biya ya riƙa cirewa a albashi, ko ya biya ya ɗaure ka da yarjejeniyar cewa za ka yi masa shekaru kaza, in ka tafi kafin lokaci ka mayar da kuɗi. Ɗaurin kansa ba zalunci ba ne. Wanda ya kashe maka kuɗi yana da haƙƙin ya mori abin da ya shuka. Zaluncin a cikin sharuɗɗa yake ɓuya, don haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Nawa ne ainihin kuɗin horon, kuma nawa aka rubuta a kanka? Ka nemi farashi daga cibiyar horo ka kwatanta. Da naira aka rubuta bashin ko da dala? Wanda ya ɗauki ɗaurin dala a farkon 2023 yana karɓar albashin naira, ya wayi gari bashinsa ya ninka uku bai ci ko kwabo ba. Bashin yana raguwa duk wata, ko yana nan yadda yake har ranar ƙarshe? Mai raguwa shi ne na adalci. Daga yaushe ake fara ƙirga shekarun: ranar sa hannu, ko ranar da ka gama horon da ake yi maka a cikin jirgi yana jigila? In na biyun ne, kuma kamfani ya ajiye ka wata goma ba jirgi, watannin nan sun tafi a banza. In kamfani ne ya kasa biyan albashi, ko ya daina amfani da irin jirginka, ko ya sallame ka, ɗaurin yana warwarewa? Wannan ka dage a rubuta shi baƙi da fari. In kuma cirewa za a riƙa yi a albashi, ka tambaya ko da ruwa a kai, ka kai wa malaminka ya duba maka kafin ka shiga.

Sai batun mai tsaya maka. Yawanci za a ce ka kawo mutum ɗaya ko biyu su sa hannu, wani lokaci har da takardar gida ko ta fili. A birni wannan cike fom ne. A ƙauye gadon gida ne. Wana ya riga ya fito da takardar gidansa na Ringim daga adaka, yana murna, bai san cewa in yaron ya faɗi gwaji ko ya bar aiki, gidan ne a bakin kura ba. Kada wani dattijo ya dangwala hannu a kan abin da ba a karanta masa da Hausa ba. Ku biya lauya ya karanta muku. Kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba, kuma shi zai gaya muku abin da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta karɓa in an kai ga haka.

Wanda kuma zai biya wa kansa horo, kada ya sayar da ko taki ɗaya na gona sai da takardar aiki a hannu. Shaidar da ba a tuƙa jirgi da ita ba tana tsufa. Doka na son tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, kuma in shekara ta zagayo ba ka sabunta ba, wani kuɗin ne. Haka nan ka guji duk wanda ya ce ka biya shi don ya bar ka ka zauna a kujerar dama, ta mataimakin matuƙi, ka tara awoyi. Ma'aikaci ake biya.

Na biyar: za ka iya cewa a'a?

Mutanen Kano ba su manta da 4 ga Mayun 2002 ba, ranar da jirgi ya faɗa cikin gidaje a Gwammaja, mutum fiye da ɗari suka rasu, na ciki da na ƙasa. Duk wanda ya zauna a gaban jirgi a garin nan ya san unguwanni ne a ƙarƙashin fiffikensa.

Akwai abin da za ka iya dubawa daga nesa. Hukumar binciken haɗurra, NSIB, tana wallafa rahotanninta a intanet. Karanta na kamfanin da kake so. Kowa na iya gamuwa da tsautsayi, abin lura shi ne ko laifi iri ɗaya ne ke maimaituwa. Duba kuma ko sunansu na cikin rajistar IOSA, tantancewar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ke yi. Alama ce mai kyau, amma ƙaramin kamfani na iya rasa ta kuma yana da tsari.

Abin da ya fi waɗannan ba ya cikin takarda. Ranar da hazo ya sauko, ganin hanya ya gaza abin da doka ta yarda a sauka da shi, kyaftin ya ce ba zai tashi ba, me ke biyo baya? Ana kiransa daga ofis a ce akwai babban mutum a cikin fasinjoji? In matuƙi ya rubuta matsala a littafin jirgi, ana gyarawa, ko ana roƙonsa ya faɗa da baki kawai? Kowane jirgi yana da jerin abubuwan da aka yarda ya tashi ba su na ɗan lokaci, kowanne da wa'adinsa. A kamfanin da ya fara ruɓewa za ka ga wa'adi na ƙarewa, a rufe matsalar yau, gobe a sake buɗe ta. In matuƙi ya fasa sauka ya sake zagayowa, yaba masa ake yi ko tuhumarsa kuɗin mai? In ya ce ya gaji? Doka ta ƙayyade awoyin tashi, wajen ɗari a wata da dubu a shekara, da hutun da dole a ba ka tsakanin aiki da aiki. Wanda ya karya, lasisinsa NCAA za ta riƙe, mai kamfani yana gidansa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nemi mutum uku: mataimakin matuƙi da ke ciki yanzu, injiniyan da ke sa hannu a jiragensu, da wanda ya bar kamfanin. Injiniyan ya fi kowa sanin gaskiya. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi, NAAPE, ita ma hanya ce, kuma ka tambaya ko kamfanin na barin ma'aikatansa su shiga. Kada ka ce "yaya kamfanin?", domin "alhamdu lillahi" za a ce maka. Ka ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabon da wani ya ƙi karɓar jirgi, kuma yana nan har yanzu?" Ka ce, "Matuƙa nawa suka tafi bana?" In za ka iya, ka je a zauna ido da ido. Abin da mutum ba zai rubuta a WhatsApp ba zai faɗa maka a kan tabarma.

Na shida: horo da hawa kujerar hagu ta kyaftin

Duk wata shida ake shiga na'urar kwaikwayon tuƙi a gwada ka. Yawancin kamfanoninmu waje suke tura mutane, da dala. Ka tambayi wa ke biya, kuma ko an taɓa zaunar da matuƙa saboda lokacin gwajinsu ya wuce ba a tura su ba. Ka tambayi yadda ake zama kyaftin: akwai rubutaccen layi na wanda ya riga wani, ko sai wanda ya san wani? Mataimaka nawa aka ɗaga a shekara biyun da suka wuce? Kamfanin da kullum daga waje yake ɗauko kyaftin ya riga ya ba ka amsa.

Irin jirgin ma abin dubawa ne. Boeing 737 na zamani da Airbus A320 suna da kasuwa ko'ina a duniya. Amma kada ka raina mai farfela. Yaron da ya yi shekara biyu yana sauka sau huɗu ko biyar a rana a ATR yakan fi hannu.

Na bakwai: ina za ka kwana

Legas, Abuja ko Kano? Albashin da zai ishe ka a Kano, haya a Ikeja za ta cinye rabinsa. Kamfanoni irin su Max Air da Rano Air da ke da tushe a Arewa suna jan hankalin yaranmu saboda kusa da gida, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi ga wanda ke da tsofaffi. Sai dai awon da za ka yi wa na Legas shi za ka yi musu, kada sanayya ta sa ka tsallake mataki. Tambayi kwana nawa kafin lokaci ake fitar da jadawalin aiki, ko ana kiran mutum ranar hutunsa, da ko za a iya mayar da kai wani gari ba shawara. 'Yan'uwa mata da ke shigowa wannan aiki su tambayi tsarin hutun haihuwa da yadda ake komawa tuƙi bayansa.

Na ƙarshe: zauna ka yanke

Ban ɓoye wa ɗan wana ba: mai awa 200 ba shi da zaɓi da yawa, kuma zaman gida yana cin hannun matuƙi. Don haka na ce ya raba abin da ya gano gida biyu. Ƙaramin albashi, zama nesa da gida, tsohon jirgi mai samun gyara, jadawali mai wahala, duk waɗannan ana haƙuri da su shekara biyu ko uku a tara awoyi. Amma kamfanin da ke hukunta wanda ya ce a'a, ko wanda ake bi albashin watanni, ko ɗaurin da ba ya raguwa kuma ya rataya a kan gidan mahaifi, ko ɗaya daga cikinsu ya isa a ba da haƙuri. Duk alkawarin da aka yi maka da baki a wurin ganawa, ka roƙa cikin ladabi a sa shi a takarda. In an ƙi, ka ɗauka ba a yi ba. Ka nemi sati guda na shawara, ka yi istihara, ka riƙe kwafin duk abin da ka sa wa hannu. Littafin awoyinka kuma kada ya kwana a ofishin kowa.

Da muka buɗe takardarsa a hasken tocila, ɗaurin shekara biyar ne, da dala, ba maganar raguwa, ba maganar abin da zai faru in kamfani ya gaza. Muka rubuta tambayoyi bakwai a bayan ambulan. Washegari da hantsi ya hau motar Kano zai ga lauya da wani injiniya abokina, wana kuma ya mayar da takardar gidan ƙasan adaka ya ce ba za ta sake fitowa ba sai yaron ya dawo da amsa.